Buzu Uku da Ragon Sarki

A can wani zamani an yi wata ƙasa da ake shimfiɗa buzu uku a fadarta: na dattawa masu kafa doka, na alƙali, da na sarki mai zartarwa. Al'adarsu, mutum ɗaya ba ya hawa biyu.

Sarkinsu Barau mutumin kirki ne, sai dai gajen haƙuri. Ran nan awaki suka cinye masa dashen lemo, dattawa suka shafe kwana bakwai suna shawara. Ya fusata, ya sa aka ɗora buzayen bisa juna, ya haye. Ya ce, "Daga yau duk dabbar da ta shiga lambun wani ta zama ta mai lambu. Ni na faɗa, ni zan hukunta!"

Waziri Gwadabe ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ya yi kyau." Da ya fita, an ce wai ya kwance igiyar Ɗan Gata, ragon da sarki ke ba dusa da hannunsa. Ni dai ban gani ba.

Kashegari sai ga wata tsohuwa, Kandala, janye da ragon, bakinsa duk ganyen albasa. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, shukar da nake ci da jikokina da ita ya cinye ƙarƙaf. Ga mai doka, ga mai rago, ga alƙali, duk rawani ɗaya. Ni wa zan kai wa kuka?"

Sarki ya dubi rago, rago ya dube shi. In ya soke doka ya ci zalin tsohuwa, in ya bi ta Ɗan Gata ya tafi tukunya. Ya shiga gyara zama a kan buzayen.

Waziri ya ce, "Zaki, ko wurin zaman ne ya yi tudu?"

Sarki ya tuntsire da dariya, ya miƙe, ya sa aka mai da kowane buzu mazauninsa. Alƙali Malam Jibo ya zauna a nasa ya ce, "Abin da dattawa ba su kafa ba, ba doka ba ne. Tsohuwar doka tana nan: mai dabba shi ke mai da shuka da hannunsa."

Da safe aka ga Sarki Barau ya naɗe hannun riga yana dashen albasa, Kandala na tsaye a kansa. Ta ce, "Ɗan nan, wannan jerin ya karkace. Sake."

Sarki ya tuge, ya sake.