Ƙafar Malam Tanimu

Ku gyara zama, ga wata nan tafe. In na kai ƙarshe kowa sai ya faɗi nasa, kuma ban yarda da "ai duk ɗaya ne" ba.

Akwai wani tela a Kaduna, Malam Tanimu, mai 'ya'ya mata uku, kowacce tana gidan mijinta: Uwani ce babba, sai Lantana, sai autarsu Hansai. Wata safiya ya fito sayen zare, yana tsallaka titi wata tifa ɗauke da yashi ta kwashe shi, ta ƙara mai ta wuce. A asibiti likita ya ce ƙashin ƙafar dama ya farfashe. Ko dai a yi babban aiki a sa ƙarfe cikin makonni kaɗan, ko kuwa a yanke. Kuɗin aikin kuwa, ko an sayar da shagon da keken ɗinkin ba za su kai rabi ba.

Ba wanda ya riƙe lambar motar. Shaidu sun ce shuɗiya ce, shi ke nan. Lantana ta ɗaura zani ta nufi bakin kogi inda ake lodin yashi. Ba ta tambayi direba ko ɗaya ba, don ta san ba za su tona ɗan'uwansu ba. Wajen masu abinci ta zauna, tana taya su wanke kwanuka tana sauraro. A kwana na uku wata mai shinkafa da wake ta yi ƙorafin cewa wani direbanta, wanda bai taɓa fashin cin faranti biyu ba, tun ranar Talata, ranar da abin ya faru, bai leƙo ba, wai motarsa tana wajen fenti. Lantana ta bi gareji gareji har ta iske tifar ana shafe mata goshi. Ta ɗauki hoto, ta kai wa 'yan sanda.

Kwana biyu bayan haka mai motar ya turo dattawa huɗu asibiti, da buhun shinkafa da katan ɗin lemo da wata takarda a ninke. Babbansu ya yi gyaran murya, ya lanƙwasa wuya gefe guda kamar mai ciwon haƙori.

"Malam Tanimu, abin da ya same ka ya same mu. Ƙaddara ce. Ɗan yatsa kawai za ka dangwala a nan, a rufe magana, zumunci ya ɗore."

Takardar yafiya ce. Malam Tanimu mutum ne mai kunya, bai taɓa iya ce wa furfura a'a ba, balle furfura huɗu da suka tako har gadonsa. Har ya fara miƙa hannu. Uwani, da ke zuba wa baƙin ruwa, ta durƙusa har ƙasa, ta sassauta murya kamar ba ita ke rikita layinsu da faɗa ba.

"Baba, ku yi mini afuwa. Babanmu yana da yaya a ƙauye, Baffa Ɗanjuma. In aka yanke magana bai ji ba, da wane ido za mu dube shi?"

Dattawan suka dubi juna. Wanda ya zo da girma ba zai ce a tsallake babban wa ba. Suka ce gaskiya ne, suka ninke takardarsu, suka ce za su dawo. Shi kuwa Baffa Ɗanjuma, Uwani ta aika masa cewa kada ya yi gaggawa, ya gama girbinsa tukuna.

A cikin wannan tsakani Hansai ta shiga neman lauya, duk da mijinta da maƙwabta sun ce lauya na masu kuɗi ne, kuma kai ƙara ba halin gidan mutunci ba ne. Na farko da ta samu ya yi ta juyi a kujera yana zuba mata Turanci har kanta ya yi ciwo. Na biyu ko sunan majinyacin bai tambaya ba, sai kuɗin buɗe fayil. Ta ukun wata mace ce a wani ƙaramin ofis a saman kanti, Barista Rakiya, tana cin gyaɗa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi tambaya ɗaya: ya sa hannu a wani abu?

Hansai ta ce saura ƙiris, amma bai sa ba.

"To, ƙafarsa tana nan," in ji Barista. "Kawo mini takardun asibiti da rahoton 'yan sanda. Ladana sai an biya ku."

Ita ce ta binciko cewa tifar tana da inshora, wato diyyar ba daga aljihun mai motar za ta fito ba. Da mai motar ya ji haka, sai ga shi da kansa yana taya su neman takardu. Kamfanin inshorar ya so ya ja ƙafa, Barista ta bi su da wasiƙa uku, ta ukun da ranar shiga kotu a rubuce. Ba a kai ga kotun ba suka biya. Aka yi aikin ana saura kwana huɗu wa'adin likita ya cika. Ranar da Malam Tanimu ya motsa yatsun ƙafarsa, Uwani ta yi guɗa har nas ta kore su waje.

Yanzu ya warke, ya ajiye sanda. Ya ce tafiyarsa ta farko da ƙafarsa, gidan wadda ta cece ta zai je ya yi godiya. Nan fa aka tsaya. Lantana ta ce ba don ta gano motar ba, wa za a kama? Uwani ta ce da yatsan nan ya taɓa takarda, hoton Lantana sai dai a rataye a bango. Hansai ta ce su biyun lokaci kawai suka saya, ita ta kawo wadda ta san abin yi da shi. Kowacce ta yanka kaza ta ɗora tukunya, shi kuma yana tsaye a ƙofar gida da takalmi a ƙafa.

To, ku faɗa mini: gidan wace ce zai fara takawa?