Amiru da Kokawar da Ya Kulle

Amiru mutumin Dakoro ne mai wayo, amma Allah Ya yi shi da riƙo. Shi da amininsa Issa suka buɗe shafin intanet, suna ɗaukar kokawa mutane na kallo a waya. Ranar da suka saɓa, Issa ya ce masa a gaban jama'a, "Kai ai mai riƙe kamera ne kawai." Shi ke nan fa! Amiru ya ware ya buɗe nasa, ya rantse sai ya ga Issa yana tallar ruwa a kasuwar dabbobi.

Ya sayar da gonar gadonsa ta Ɗan Gulbi, ya saye Na'Allah, gwarzon kokawar yankin, a kan ba mai ɗaukarsa sai shi. Ya cika gari da talla. Don kada ko ƙyallin bidiyon ya faɗa hannun Issa, ya kulle shi: ba saukewa, ba turawa, sai mai rezo, wato sabis ɗin intanet, ya biya ya gani.

Matarsa Balkisu ta ce, "Maigida, makiyayan Tagriss fa ba su da rezo a daji. Ranar kasuwa suke cika waya da bidiyo su tafi da ita."

"Su yi haƙuri! Ni dai Issa ya ɗanɗana."

Issa kuwa ya koma ɗaukar wani sabon ɗan kokawa, Salihu, ya bar kowa ya tura. Daga waya zuwa waya, daga rijiya zuwa rijiya, sai sunan Salihu.

Bayan girbi aka yi babbar kokawa. Na'Allah ya shigo fili, makaɗa suka ɗauka, amma ba wanda ya tashi ya yi masa shewa. Wani tsohon makiyayi ya ce da ƙarfi, "A'a! Ashe wanga Na'Allah yana da rai?"

Na'Allah ya ji, ya ji zafi ƙwarai. Ya nufi Amiru.

"Kokawata ka saya, ko binne ni ka yi?"

Ya fizge kamerar, ya ɗaga ta sama kamar abokin karo, ya buga da ƙasa. Issa na gefe yana ɗauka. A shekarar nan ba bidiyon da ya kai wannan yawo. Amiru ya koma gida ba kamera, ba gwarzo, ba gonar da zai shuka in damina ta faɗi.

Ya kai mai karatu, sana'ar da aka gina don a ƙuntata wa wani ba ta tsayawa. Amiru ya zuba wa Issa ido har ya manta da masu kallon da ke ciyar da shi. In an ɓata maka, ka huce kafin ka yanke shawara, don mai ramuwa yakan fara da rushe gidansa.