Kurege Ya Ɗauki Shatar Tasi

Ga ta nan ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku ji ta da kunne, ba da baki ba. Ke Tabawa, in kika sake katse ni, ke za ki ƙarasa ta.

Kurege ne dai ƙanwarsa ta haihu a birni, aka aiko masa ya zo suna, za a yanka rago. Ɗan saƙo ya ce, "Unguwar Gindin Kuka za ka ce. Akwai wata kuka da tsawa ta tsaga biyu, gidan yana ƙarƙashinta."

Shi Kurege bai taɓa zuwa birni ba. Garinsu hanya ɗaya ce tal. In ka bi ta ka je kasuwa, in ka ƙara gaba ka je rafi, in ka ƙara gaba ka je makabarta. Kowa da kowa, hanyarsu ɗaya.

Ya sauka a tasha da hantsi, kansa ya ɗaure. Mota nan, mota can, wannan ya ja rigarsa, wancan ya ja wutsiyarsa. Sai ga Dila direban tasi, da tsumma a kafaɗa.

"Alhaji, ina zuwa?"

Kurege ya waiga bai ga Alhaji ba, sai ya gane da shi ake. Ya gyara murya ya ce, "Gindin Kuka."

Dila ya kama baki. "Kai! Nisa! Sai dai shata. Dubu uku, in mun isa ka biya."

"Mece ce shata?"

"Mota ta zama taka, ranka ya daɗe. Ni ba na ɗaukar kowa har in sauke ka."

"Tawa? Har kujerun baya?"

"Har but."

Kurege ya shiga gaba ya harɗe. Aka yi tafiya, aka yi tafiya. Ya dubi kujerun baya, wayam. Cikinsa ya ce, kujera babu kowa ai gona ce babu shuka.

Sai ga Akuya a bakin titi da kwando, tana ɗaga hannu. Kurege ya ce, "Direba, tsaya! Inna, ina zuwa?"

"Kasuwar ganye, ɗan nan."

"Hanya ce! Ɗari biyar."

Ta ba shi, ta shiga. Dila ya buɗe baki, Kurege ya ce, "Motar wa?" Dila ya rufe baki.

Aka yi gaba kaɗan, sai ga Kura. "Yaya Kura, ina zuwa?"

"Mahauta, kafin a raba ƙashi."

"Hanya ce! Ɗari biyar."

Kura ta biya ta shigo, Akuya ta maƙale jikin ƙofa. Kura ta ce, "Kwantar da hankalinki, Inna. Dokar birni ce, ba a cin fasinja." Ta zauna tana haɗiyar yawu.

Aka shiga cunkoso, masu talla suka kewaye mota. Kurege ya ga gyaɗa soyayya, ya ga gyaɗa dafaffiya, ya ga ƙuli-ƙuli. Kafin mota ta motsa, dubu ɗaya ta koma ɓawo a ƙasa.

Sai ga shataletale. Hanya huɗu, ku ji fa, huɗu! Dila ya ce, "Mai mota, ina muka nufa?"

Akuya ta ce, "Gabas!"

Kura ta ce, "Yamma!"

Kurege ya ce, "To ai sai a bi hanyar."

"Wacce?"

"Ta garin mana!"

Dila ya zagaya. Akuya ta ce an wuce. Dila ya sake zagayawa. Kura ta ce an wuce. Kurege ya ce a bi ta tsakiya, Dila ya ce tsakiya fulawa ce aka shuka. Aka zaga, aka zaga, har Akuya ta manta inda za ta, ta fara cewa yamma, Kura ta ce ita ce mai yamma, Akuya ta ce to a ba ta kudu. Dila kuwa duk zagaye ɗaya sai ya ce, "Ƙarin ɗari biyu, mai ba ruwan rijiya ba ne."

Kura ta miƙo kai tsakanin kujeru, numfashinta a wuyan Kurege. "Malam, wanda ya karɓi kuɗin fasinja, dole ya kai shi inda ya ce, ko ya mayar masa da kuɗinsa. Ina kuɗina?"

Kurege ya dubi ɓawon gyaɗa. Ya ce, "Yaya, ai ke kika ce ba a cin fasinja."

"Fasinja ba ya karɓar kuɗin mota. Kai yaron mota ne. Doka ba ta ce komai a kan yaron mota ba."

Ke Tabawa, rufe bakinki, ƙuda zai shiga.

To Kurege bai san titi ba, amma ya san bishiya, a gindinta aka haife shi. Tun ɗazu duk zagayen da aka yi yana hango wata kuka tsagaggiya can baya, daidai inda suka baro, kusa da dogon tankin ruwan tasha. Sai yanzu da haƙori ya zo wuya, lissafi ya zo kai.

Ya ce, "Yaya, ki ci ni, ban hana ba. Amma nama mai shari'a ɗaci gare shi. A koma tasha, shugaban direbobi ya faɗa da bakinsa ko ni wane ne."

Dila ya ce, "A'a, ba sai an je ba, a sasanta a nan."

Kura ta ce, "Juya mota, kafin in fara da kai."

Shugaban direbobi Ɓauna ne, yana zaune a benci yana tuƙa. Duk suka fara magana lokaci ɗaya. Akuya ta ce gabas, Kura ta ce ƙashi, Dila ya ce mai. Ɓauna ya buga ƙafa. "Ɗaya bayan ɗaya! Wane ne direba?"

Dila ya ce, "Ni."

"Wane ne mai mota?"

Kurege ya ce, "Ni."

"To wane ne fasinja?"

Kurege ya ce, "Ni."

Ɓauna ya daina tuƙa.

Kurege ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, baƙo ne ni. Tambaya ɗaya gare ni. Daga nan zuwa Gindin Kuka nawa ne?"

Ɓauna ya juya ya nuna da ƙaho. "Wace Gindin Kuka? Wannan ta bayan katanga? Ai ko Kunkuru da ƙafa yake zuwa."

"Dubu uku aka ce mini. Aka ce nisa."

Dila ya fara goge gilashin da ba shi da datti.

Ɓauna ya ce, "Wanda aka cuta a farashi fasinja ne, ba a cin sa. Kai Dila, ba ka da ko sisi. Ka kai Inna gabas, ka kai Kura yamma, da manka. Kura gaba, Akuya baya. Kai kuma baƙo, in na sake jin ka ce wa wani hanya ce a garin nan, ni zan taka ka."

Kurege bai tsaya godiya ba. Ya haura katanga, taku goma, ga gida. Ya tarar an watse, ana wanke tukwane.

Ƙanwarsa ta ce, "Yaya, sai yanzu? Tun hantsi muka hango ka a tasha, muna ta kira, ka shige mota kamar wani Alhaji. Rabonka ma mun aika mahauta a ajiye wa Kura, an ce ta makara."

Shi ya sa har yau in Kurege zai tsallaka hanya, sai ya miƙe a kan ƙafa biyu, ya dubi gabas, ya dubi yamma. Hanyar garin yake nema.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu mai hula. Wanda zai je birni ya tambayi farashi wurin wanda ba shi da mota. In kuma gyaɗa kake so kyauta, ɗauki Kura a baya, in wuyanka biyu ne.