Fuskar da Smaranda Ta Kasa Jira

A garin Braila, a wata unguwa mai gangarawa zuwa kogin Danube, an yi wata mace mai suna Smaranda. Shekarunta ashirin da takwas, tana aiki a kantin sayar da zobba da 'yan kunne. Tana zaune da kakarta Floarea, tsohuwar da ake kira ta wanke gawa idan mace ta rasu a unguwar. Smaranda mutuniyar kirki ce, ba ta da rowa, ba ta riƙe mutum a zuciya. Aibinta ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: ba ta iya jira ba. Idan ta haɗa shayi sai ta ƙona harshe. Idan bas ta tsaya a cunkoso sai ta sauka ta taka da ƙafa, bas ɗin ta zo ta wuce ta a hanya.

Tun tana 'yar shekara goma sha biyar ƙuraje suka kama mata fuska, suka ƙi tafiya. Kumatu, haɓa, goshi, babu inda suka bari. Ta gwada sabulai da mayuka iri-iri, amma babu wanda ta taɓa yin sati biyu tana shafawa.

A farkon bazara aminiyarta Otilia ta haifi ɗa namiji. Da Smaranda ta je barka, Otilia ta ɗora mata jaririn a cinya.

"Ke za ki riƙe shi a coci ranar baftisma," in ji ta. "Ke ce uwarsa ta biyu. Na gaya wa babansa, ban kuma nemi shawararsa ba."

Smaranda ta yi kukan murna. Amma tun kafin ta iso gida murnar ta koma lissafi. Saura sati biyar. Za a tara dangi, za a ɗauki hotuna, kuma hotunan nan za su zauna a bangon gidan Otilia har yaron ya yi gemu. Washegari ta tafi wurin likitar fata.

Likitar, Dokta Pirvu, mace ce mai magana a hankali. Ta duba fuskar da kyau, ta tambaya ko Smaranda tana da ciki ko tana shirin ɗauka. Da ta ce a'a, sai ta rubuta mata wani mai na retinoyid, irin wanda ba a sayarwa sai da takardar likita.

"Ki saurare ni da kyau," in ji likitar. "Kamar ƙwayar wake ɗaya, shi ne na fuskar gaba ɗaya. Kafin ki kwanta, fuska a bushe, sau biyu a sati da farko. Da safe ki shafa man kare fata daga rana. Kada ki goge fuskar da wani abu mai kaushi, kada ki bari a cire miki gashin fuska da kaki, irin wanda ake mannawa a fizge. Da farko ƙurajen za su iya ƙaruwa, kada ki tsorata. Sai an yi kamar sati goma sha biyu za ki ga amfaninsa."

"Sha biyu? Likita, ni biyar gare ni."

"Fatarki ba ta san da wannan ba."

Satin farko Smaranda ta bi umarni. A sati na biyu ƙurajen suka fito kamar an kira su, har a wuraren da ba su taɓa fitowa ba. Ta tsaya gaban madubi ta yi wa kanta hisabi: idan ƙwayar wake ɗaya tana buƙatar sati goma sha biyu, to uku za su yi aikin a sati huɗu. Daga ranar ta fara shafawa kullum, da kauri. Bayan kwana uku ta ƙara da na safe. Man kare rana kuwa ta ajiye shi, wai yana sa ta maiƙo.

Abin ya fara ne a kanti. Tana nuna wa wani dattijo zobe a kan baƙin ƙyallen da suke shimfiɗawa, sai ta ga wani farin abu yana sauka a kan ƙyallen, a hankali, kamar toka. Ta ɗaga kai ta dubi rufi. Babu komai. Ta sunkuya, abin ya ci gaba da zuba. Dattijon ya dubi ƙyallen, ya dubi fuskarta, ya ajiye zoben ya ce zai dawo. Bai dawo ba.

Wata safiya ta tashi ta juya za ta gyara gado, sai ta tsaya cak. A kan matashin akwai siffar rabin fuska: kumatu, gefen hanci, layin haɓa, duk da ɓawon fatar da ya manne a rigar matashin. Kamar wata ce ta kwana a wurin ta tashi ta bar alamarta. Smaranda ta cire rigar da sauri ta cusa a ƙasan kayan wanki don kada kakarta ta gani.

Da likitar ta kira ta a waya ta ji yadda ake ciki, Smaranda ta ce, "Lafiya lau, Likita. Sau biyu a sati, kamar yadda kika ce." Tana maganar gefen bakinta yana tsagewa.

A sati na huɗu ɓawon ya zube, sai ga wata fata a ƙarƙashi, ja, a ɗame, tana sheƙi. Ba ta iya yin murmushi sosai, ba ta iya ɗaga gira. Amma sumul take, kuma Smaranda ta ɗauka waraka ce. Ta shiga kicin inda kakarta ke tuƙa tuwon masara.

"Kaka, dubi! Kin ga yadda take ƙyalli?"

Tsohuwar ta ajiye muciya. Ta matso, ta daɗe tana kallo, ba ta taɓa ba.

"Na san wannan ƙyallin," in ji ta a hankali. "Shekara arba'in ina ganinsa. Amma waɗanda nake ganinsa a fuskarsu ba sa shigowa kicin su tambaye ni."

"Haba Kaka! Wace irin magana ce wannan?"

"Ki koma wurin likitar nan, 'yar nan. Yau."

Ba ta koma ba. Washegari da rana tsaka, tana tafiya a kan titin kasuwa, zafin rana yana cin fuskarta kamar an kara mata dutsen guga, sai ta ga wata mata ta nufo ta kai tsaye. Fuskar matar ja ce, ba ta motsi, idanu kawai ke yawo a ciki. Tsigar jikin Smaranda ta tashi. Ta kauce dama, matar ta kauce tare da ita. Ta tsaya, matar ta tsaya. Sai a lokacin ta gane gilashin wani kanti ne a gabanta.

Da ta isa gida ta ɗauko tawul da zannuwan gado ta rufe duk madubin da ke gidan: na zaure, na falo, na banɗaki. Ba ta tsaya ta tuna cewa a wurinsu ba a rufe madubi sai akwai gawa a gida ba. Kakarta tana barcin rana a doguwar kujera, hannuwa a kan ƙirji.

Maƙwabciyarsu Zamfira ta leƙo ta taga za ta ari rariya. Ta ga madubi a rufe, ta ga tsohuwa a miƙe ba motsi. Ta koma gida, ta ɗaura baƙin ɗankwali, ta kunna kyandir, ta dawo tana tafiya a hankali. Smaranda tana ɗaki ta ji ƙanshin kyandir da wata murya ƙasa-ƙasa tana addu'ar matattu. Ta fito. Zamfira ta juyo ta ga fuskar, kyandir ɗin ya kusa faɗuwa daga hannunta. A daidai lokacin tsohuwar ta buɗe ido.

"Zamfira, wa ya mutu?"

Zamfira ta kurma ihu ta yi alamar gicciye har sau uku. "Ke! Ke ce kika mutu, Floarea!"

"To ba a gaya mini ba."

Ba wanda ya yi dariya. Tsohuwar ta tashi ta bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya tana fizge zannuwan. Da ta gama ta tsaya gaban jikarta.

"Kin shirya gidana don gawa. Mu biyu ne a ciki. Gaya mini, wacece a cikinmu?"

Smaranda ta fashe da kuka, hawayen suka bi kumatunta kamar ruwan barkono. Ta yi alkawari ta daina shafa man. Ta daina kuwa, na kwana biyu. A rana ta uku ta ga sabon ƙurji ɗaya a haɓa, ta sake ɗauko man a ɓoye.

Saura kwana biyu baftisma ta shiga shagon kwalliya a gyara mata gira da gashin saman leɓe. Ta lulluɓe jan da hoda mai kauri kafin ta fita. Mai shagon, wata mata mai suna Lenuta, ta goge hodar ta ɗan ja baya.

"'Yar'uwa, fatar nan taki ba ta yi mini ba. Kina shafa wani magani ne? Irin na likita?"

"A'a. Rana ce ta ƙona ni."

"Ki faɗa mini gaskiya. Idan kina shafawa ba zan sa miki kaki ba, ko nawa za ki biya."

"Na ce miki rana ce. Ki yi sauri, don Allah, ina da wurin zuwa."

Lenuta ta shafa kakin mai ɗumi a saman leɓen da ƙasan girar hagu, ta manna ƙyalle a kowanne, ta fizge ɗaya, ta fizge ɗayan.

Smaranda ba ta ji zafi nan take ba. Abin da ta fara ji shi ne shirun da ya sauka a shagon. Matar da ake busar wa gashi ta daina magana. Lenuta tana tsaye da ƙyallen a hannu, bakinta a buɗe. Smaranda ta kai ido kan ƙyallen. Ba gashi kaɗai ne a jiki ba. Akwai wani siririn abu mai ruwan hoda, mai siffar saman leɓenta daidai, har da ɗan kwarin da ke ƙarƙashin hanci. Sai iskar fanka ta taɓa wurin, sannan zafin ya zo.

Duk da haka ba ta tafi asibiti ba. Washegari ta cika raunukan da hoda don ta gwada yadda za ta fito a hoto. Ranar baftisma ta farka da zazzaɓi, leɓen ya kumbura, idon hagu ya rufe, ruwa mai launin zuma yana tsattsafowa yana bushewa. Kakarta da Zamfira ne suka saka ta a tasi. A lokacin da ƙararrawar coci ke kaɗawa, tana kwance ana wanke mata fuska da auduga. Wata 'yar'uwar mijin Otilia ce ta riƙe jaririn, sunanta aka rubuta a littafin coci.

Dokta Pirvu ba ta yi faɗa ba. Ta sa Smaranda ta faɗi komai da bakinta, daga shafawar safe har ƙaryar da ta yi a shago.

"Ciwon zai warke," in ji ta. "Tabon zai dushe, amma ba zan yi miki alkawarin zai tafi duka ba. Maganin ba shi da laifi. Da dama sun warke da shi a ɗakin nan."

Bayan sati uku Otilia ta zo gidan da jaririn. Smaranda ta fito da gyale a rabin fuska. Otilia ta sa hannu ta janye gyalen, ta kalli baƙin tabon da ke saman leɓen da wanda ke ƙarƙashin gira, idanunta suka cika.

"Don hoto kika yi wa kanki haka?"

"Ban so in ɓata miki ranar ba."

"Ke dai wawuya ce, wallahi. Tun muna aji uku na san ki, tun kafin ƙurajen, na kuma san ki da su. Ranar da na ɗora miki yaron nan a cinya, ba da su na gan ki ba? Ni ke na zaɓa. Na tsaya a coci ina ta kallon ƙofa, har aka tsoma shi a ruwa ina kallon ƙofa."

Ta miƙa mata jaririn. Smaranda ta karɓe shi ta rungume. Ya yi nauyi fiye da yadda ta san shi. Ta riƙe shi har ya yi barci, tana sane cewa a gaban coci da dangi uwarsa ta biyu wata ce, kuma ba a sake yin baftisma.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, magani yana da ƙa'idarsa, jiki kuma yana da lokacinsa, gaggawarmu ba ta canza ko ɗaya. Wanda ya ninka magani don ya rage kwanaki, ciwo yake ninka wa kansa. Idan likita ya ba ka umarni ka bi shi, idan abu ya rikice ka koma ka faɗi gaskiya, kada ka yi ƙarya ga wanda ke ƙoƙarin kare ka. Sannan ka tuna cewa masu ƙaunarka sun riga sun ga aibin da kake ɓoyewa, kuma ba su fasa ƙaunarka ba. Abin da suke so shi ne ka zo.