Mai Manhaja da Hayaƙin Bayan Katanga

"Wai in ka danna abin nan sau ɗaya, wuta nawa yake ci? Ka taɓa aunawa?"

Wani saurayi ne na ji yana tambayar abokinsa haka, yana nuna wayarsa, a ƙofar majami'a, bayan an tashi sujada. Abokin ya yi dariya ya ce, "Wace wuta kuma? Ai yatsa kawai nake sawa." Na wuce, amma tambayar ta bi ni har gida. Da aka ce in kawo misali domin ajin matasa na makarantar Lahadi, sai na rubuta wannan.

Akwai wani mutum mai sana'ar rubuta manhaja, irin wadda ake sawa a waya. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa. A wani ɗan ɗaki a bayan gidansa ya jera kwamfutoci, ya koya musu su riƙa aiki da kansu. Duk sa'ad da ya canja wani abu a rubutunsa ya aika musu, ko da ɗigo ɗaya ne, sai su warware manhajar duka, su sāke haɗa ta daga tushe, su gwada ta. In ta yi daidai, wata koriyar alama takan fito a wayarsa. Yana kuwa son ganin alamar nan, don haka bini-bini sai ya aika.

Wutar unguwar ba ta zama. Sai ya sayi janareta, ya haɗa shi yadda zai tashi da kansa in kwamfutocin suka ɗauki aiki. Ya ajiye shi jikin katanga, bututun hayaƙin ya ba gidansa baya. Shi kuwa a shagonsa na cikin gari yake wuni, daga can yake aikawa, ba ya jin ƙara, ba ya shaƙar kome.

A bayan katangar kuwa ɗakin wata tsohuwa gwauruwa yake, tagarta daidai bakin bututun. A kwana a tashi tari ya kama ta. Numfashinta ya yi gajarta, har zuwa sujada ya zama sai ta zauna a hanya ta huta.

Wata rana matar mutumin ta kai mata kunu, ta tarar labulen tagar ya yi baƙi. Ta ce, "Mama, bari in gaya wa maigida."

Tsohuwar ta ce, "Kul, 'yata. Yaron nan babban aiki yake yi. Duk sa'ad da na ji injin ya tashi, nakan ce, ga shi can yana taimakon jama'a. Ni da na kusa gama shan tawa iskar, in hana shi?"

Ana nan sai mutumin ya gurɗe a ƙafa, ya wuni a gida. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar katanga yana aiki. Ya ga launin wani ɗan maɓalli bai yi masa ba, ya canja, ya aika. Nan take janareta ya tashi. Daga bayan katanga aka soma tari. Da injin ya yi shiru, sai ya ga sabon launin ma bai yi masa ba, ya mayar da na dā, ya sāke aikawa. Injin ya sāke tashi. Tarin ya dawo, wannan karon mai tsawo, irin wanda ba ya barin mutum ya ja numfashi.

Koriyar alama ta fito, amma bai dube ta ba.

Kashegari ya samo mitar wuta ya haɗa wa kwamfutocin. Ya ja layi a jikin tankin mai, ya rataya farin ƙyalle a gaban bututun. Ya canja ɗigo ɗaya ya aika, ya duba. Sa'an nan ya tara aikin yini guda ya aika gaba ɗaya, ya sāke dubawa. Sai ya ga ɗigo ɗaya da aikin yini guda wuta ɗaya suke ci, mai ɗaya suke sha. Ƙyallen kuwa kafin yamma ya zama kamar gindin tukunya.

Ya ɗingisa zuwa gidan tsohuwar, ya durƙusa, ya nuna mata. Ya ce, "Mama, ki gafarta mini. Yawancin wannan ba wani aiki ba ne. Jiya ma launi kawai nake canjawa."

Ta ce, "Launi? To, ka sami wanda kake so kuwa?"

Ya ce, "Na koma na farkon."

Ta yi dariya har tari ya tsare ta. Ta ce, "Tashi, ɗana, kaji sun ɓata wurin nan. Na gafarta."

Ya ɗauke janaretan daga jikin katangar. Ya koya wa kwamfutocin su gyara abin da aka taɓa kaɗai, su kuma riƙa nuna masa wutar da suka ci a gefen koriyar alamar. Ya kai tsohuwar asibiti. Tarin ya ragu, amma bai tafi duka ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, babu aikin da yake yin kansa a banza. In abu ya zo maka da sauƙi har ka ce yatsa kawai ka sa, to, wani wuri ana ƙona mai dominsa. An ce akwai manyan ɗakuna cike da kwamfutoci a nesa, hayaƙin wutar da suke ci yana hawa sama, yana ƙara wa duniyar Allah zafi. Ba ma ganinsu, kamar yadda mutumin nan bai ga tagar ba. Bai yi mugunta ba, rashin aunawa ne. Haka maganar da ka yar ka wuce, haka saƙon da ka tura ka manta. An koya mana ƙaunar maƙwabci, maƙwabcinka kuwa shi ne duk wanda hayaƙinka yake shiga ɗakinsa. Kada ka jira ya yi ƙara, gama masu haƙuri ba sa yi. Ka auna, ka kuma leƙa bayan katanga.

Da matar fasto ta karanta, sai ta dube ni ta ce, "Laraba, wannan mutumin a unguwarku yake?" Na sunkuyar da kai, na ce misali ne. Tsohuwar ma in aka tambaye ta tarin nan, sanyi take cewa. Tun da mai tarin ta rufa masa asiri, ni ma ba wanda zai ji sunan mutumin a bakina.