Haƙorin Ladan Nata'ala

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, duk wanda ya zauna a unguwar Shahuci a shekarun yaƙin basasa ya san Shehinmu, malami masani, ma'abocin tsentseni da zuhudu, wanda Allah ya tara masa fiƙihu da lugga da sanin Littafinsa, sannan ya yi masa ado da tawali'u, har baƙo kan shigo zaurensa ya rasa gane wane ne malamin a cikin masu ɗaukar karatu. Allah ya ƙara masa yarda. Daga cikin abin da Ubangiji ya gudanar a hannunsa akwai labarin Malam Nata'ala, ladanin masallacin unguwarmu, kuma daga bakin ladanin muka ji shi.

Malam Nata'ala dattijo ne maɗinkin manyan riguna, mai raha, mai son tuwon dawa da miyar kuka, kuma Allah ya ba shi murya wadda in ya ɗaga ta daga Shahuci, masu shanya a bakin kogin Jakara kan ce sun ji. A cikin shekara ta biyu da fara yaƙi sai wani haƙorinsa na can ƙurya ya yi kogo. Da fari ya raina abin, yana cusa kanumfari yana kurkure baki da ruwan gishiri, yana ci gaba da ɗinkinsa. Da zafi ya yi zafi, har yana jin kamar ana buga masa ƙusa daga muƙamuƙi zuwa cikin kunne, sai ya tafi wurin wani wanzami a bakin kasuwar Kurmi. Wanzamin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya sa awartaki ya ja, amma haƙorin ya riga ya ruɓe, kansa ya karye, saiwar ta zauna a cikin dasashi.

Daga nan abu ya ɓaci. Kunci ya haye har ido ɗaya ya rufe, zazzaɓi ya lulluɓe shi, baki ya ƙi buɗuwa sai ɗan abin da matarsa Talatu za ta ɗura masa koko da bakin ludayi. Kiran salla kuwa sai wani maƙwabci ya karɓa, kuma wannan ya fi kumburin yi masa ciwo a zuciya. Aka ɗora shi a kan keke aka kai shi asibiti, malamin asibitin ya duba bakin ya girgiza kai.

Ya ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba. Likitocinmu waɗansu sun koma garuruwansu tun da rikici ya tashi, mai aikin haƙorin kuma an tafi da shi bakin daga. Allurar kashe zafi ma duk can ake kai ta. Ga ƙwaya ka sha, sauran sai addu'a."

Ƙwaya ba ta yi komai ba. Talatu ta dube shi yana kwance a tabarma yana nishi, ta ce, "Malam, ka daure ka je wurin Shehi."

Ya yi mata nuni da hannu cewa a'a. Abin da ke ransa shi ne, kullum zauren Shehi cike yake da iyaye waɗanda 'ya'yansu ke fagen fama, suna neman a roƙa musu Allah ya dawo da su, to da wane ido shi zai je ya tsuguna a tsakaninsu saboda haƙori ɗaya?

Talatu ta ce, "Kai kana jin nauyi, kumburin nan kuwa ba ya jin nauyin kowa. Ga shi ya fara gangarowa wuya. In ba ka tashi ba, wallahi ni zan yafa mayafi in je."

Da hantsi ya dogara sanda, ya rufe fuska da rawani, ya isa zauren yana bin bango. Shehi yana tsakiyar ba da karatu, sai ya rufe littafin, abin da ba a saba ganin ya yi ba, ya ce, "Ku buɗa wa Ladan hanya." Nata'ala ya durƙusa yana son ya ce Allah ya gafarta Malam, bakin ya ƙi. Shehi ya ce, "Bar shi, an ji. Babu ƙaramar buƙata a ƙofar Ubangiji."

Sa'an nan ya ɗora tafin hannunsa mai albarka a kan kuncin, ya yi bisimilla, ya karanta abin da Allah ya nufe shi da karantawa, ya tofa. Nata'ala ya ce bai san da me zai kwatanta abin da ya ji ba, sai dai da mutumin da ya daɗe ɗauke da buhun gero aka zo ta baya aka sauke masa. Zafin ya ɗauke ɗungurungum, muƙamuƙi ya saki, hawaye suka zubo masa, ya ce, "Alhamdu lillahi, na warke!"

Shehi ya ce, "Ba ka warke ba. Zafin ne ka bari a nan, cutar tana tare da kai. Tashi ka koma asibiti yanzu, ka zauna a inuwar da ke bakin ƙofa. Mai cirewa yana hanya."

Nata'ala ya ce, "Allah ya gafarta Malam, sun ce babu likita."

Shehi ya yi murmushi, ya buɗe littafinsa, ya ce wa mai karatu, "Ci gaba."

Nata'ala ya tafi da ƙafarsa, ya zauna a gindin darbejiyar ƙofar asibiti yana jan carbi. Malamin asibitin ya leƙo ya gan shi, ya ce, "Baba, ai na gaya maka." Ya ce, "Ka gaya mini, ɗana, amma an ce in zauna." Rana ta take tsaka, ta fara karkata, sai ga motocin soja sun shigo ɗauke da waɗanda aka raunata, an kwaso su daga tashar jirgin ƙasa. Wani hafsa ya sauko daga motar gaba, fuskarsa duk gajiya, har ya wuce sai ya ja da baya, ya ɗaga gefen rawanin Nata'ala ya duba, ya ce da Hausarsa ta bariki, "Baba, wannan zai kashe ka. Biyo ni." Ashe likitan haƙori ne, an sa shi rako marasa lafiya saboda ƙarancin hannu, kuma da ya miƙa su zai juya.

Da aka zaunar da shi a kujera, likitan ya ce, "Ba ni da allura ko ɗaya. Za ka ji zafi ƙwarai, sai an riƙe ka." Ya kira sojoji biyu su danne masa kafaɗu.

Nata'ala ya ce, "Ranka ya daɗe, ka sallame su, suna da aiki. Nawa zafin na baro shi a Shahuci."

Likitan bai gane ba, ya dai sa wuƙa ya tsaga dasashin, mugunya ta fita, ya tono saiwar guntu-guntu, ya wanke ya ɗinke, Nata'ala kuwa yana kallon rufin ɗaki yana salati a zuci, ko gira bai motsa ba. Da likitan ya gama ya ajiye ƙarafansa, ya daɗe yana kallonsa, ya ce ya yi wa jarumawan soja abin da bai kai wannan ba suna ihu, bai taɓa ganin irin haka ba. Ya ƙara da cewa da an sake kwana da wannan kumburi, da ya toshe masa maƙogwaro.

Bayan la'asar Nata'ala ya dawo zauren da auduga cike da kunci, ya faɗi yana godiya, jama'a suna kabbara. Shehi ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya ce, "Wanda ya ɗauke zafin shi ne ya sanar da likitan sana'arsa, ni babu nawa a ciki. Bawan Allahn nan yanzu yana kan hanyar komawa inda ake mutuwa. Ku ɗaga hannu mu roƙa masa." Aka yi wa likitan addu'a mai tsawo, mutumin da ko sunansa babu wanda ya sani a zauren, sa'an nan Shehi ya juya ya ce, "Ladan, je ka gida a dama maka kunu." Nata'ala ya rayu shekaru masu yawa bayan yaƙi cikin lafiya da wadar zuci, kuma ba ya ƙare salla bai ambaci likitan nan a addu'arsa ba.

Wannan ɗigo ne daga kogin falalar da Allah ya yi wa Shehinmu, fitilar zamaninsa, mai ɓoye alherinsa kamar yadda waɗansu ke ɓoye aibinsu. Ya Ubangiji, ka haskaka makwancinsa, ka ɗaukaka darajarsa, ka shayar da mu daga albarkarsa, ka yaye wa kowane mai ciwo ciwonsa, ka zaunar da ƙasarmu lafiya, don alfarmar Shugaban manzanni, sallallahu alaihi wa sallam. Amin.