Karen da Ya San Hannu, Bai San Murya Ba

Akwai wani manomi da yake zaune shi kaɗai a bakin gari tun bayan rasuwar matarsa. Da ƙanwarsa ta ga kaɗaici yana neman cinye shi, sai ta kawo masa ɗan kwikwiyo daga birni, irin ƙananan karnukan nan masu gajerun ƙafafu da buzu-buzun gashi, waɗanda ba sa ganin rami su wuce. Ya sa masa suna Barkono, domin ƙanƙane ne amma ga zafi. Kafin wata uku babu ɓeran da ya rage a rumbu, gidan da ya yi shiru shekara biyu kuma ya sake samun wanda za a yi wa faɗa. Mutumin nan ya ƙaunaci karensa ƙwarai, har hira yake yi da shi.

Sai dai Barkono akwai taurin kai. In ya sa hanci a rami, ko garin za a tashi ba ruwansa. Manomin ya yi ta fama har ya gano lagonsa, wato ƙuli-ƙuli. Ya riƙa cika aljihu da shi. In ya ɗaga guda ya ce zo, sai ga Barkono a guje. Zauna, ya zauna. Har tsayuwa da ƙafa biyu ya koya. Ran Lahadi in an tashi daga sujada, mutane sukan biyo su sha kallo, mai gida kuwa sai washe baki yake yi kamar shi ya halicci karen.

Maƙwabcinsa, wani tsohon mafarauci mai suna Baba Dogara, shi kaɗai ne bai taɓa yin dariya ba. Wata rana ya ce, "Ɗana, kira shi hannu wofi mu gani."

Manomin ya kira. Barkono ya taho rabin hanya, ya dubi hannun, ya ga babu kome, ya koma tonon raminsa. Masu kallo suka fashe da dariya.

"Ka ga wayo ko, Baba? Ba ya aikin banza."

"Ba abin dariya ba ne," in ji tsohon. "Hannunka ya sani, bai san muryarka ba. Ga shi an gama girbi, an kusa sa wa daji wuta don farautar gafiya. Karen da ba ya dawowa da kira ɗaya, ba ya ganin damina. Sa masa doguwar igiya. Ka kira, ka jawo shi, ka shafa kansa, ba ƙuli. Kullum, har ya saba."

Manomin ya gwada kwana biyu. Amma Barkono ya yi ta kuka yana cizon igiya, yana dubansa da idon tausayi, zuciyar mutumin kuwa ba ta iya ɗauka ba. Ya kwance shi, ya ba shi ƙuli biyu don ya huce. Ya ce wa kansa ai yaro ne, zai yi hankali.

Ran da mazan gari suka cinna wa ciyawa wuta, iska ta juya da tsakar rana, aka yi ihu cewa wuta ta nufi inda manomin ya tara dawarsa. Ya fita a guje, ko rigar da ƙulin yake aljihunta bai tsaya ɗauka ba, Barkono yana biye da shi. Suna isa sai wata gafiya ta ɓullo ta gabansu, ta faɗa cikin doguwar ciyawar da wuta ta kusa rufewa. Barkono ya bi ta.

"Barkono! Zo!"

Karen ya tsaya cak. Ya juyo. Manomin ya ga idonsa sarai, ya ga inda idon ya sauka: a kan hannunsa na dama. Hannun kuwa babu kome. Barkono ya juya ya shige ciyawa.

Mutumin ya kira har muryarsa ta dushe. Da ya zabura zai bi shi, Baba Dogara ya riƙe shi da ƙarfi. Bayan wuta ta lafa suka sami Barkono a mace a bakin ramin gafiya. Su biyu suka haƙa masa rami a bayan gida.

"Baba, ya ji ni fa," in ji manomin, yana hawaye. "Har ya juyo."

"Ya ji ka, ɗana."

"Ni na koya masa inda zai duba."

Ya 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Kada wani ya ce manomin nan Allah ne, gama Allah ba ya kuskure. Manomin nan ni ne da ku, iyaye da malamai, masu sayen biyayyar 'ya'yanmu da alawa da alkawari, masu kwance igiya don ba ma son ganin hawaye. Muna ce da shi tausayi, alhali kanmu muke ji wa.

Karen kuwa, shi ma mu ne. Da yawa a cikinmu muna amsa kiran Ubangiji muddin muna hango lafiya, ko aiki, ko haihuwa a hannunsa. Amma akwai ranar da zai kira ka ba da kyauta a hannu ba, sai don yana ganin wutar da kai ba ka gani. A ranar nan babu lokacin ciniki. Ka koyi muryarsa tun yau da ciyawa take ɗanya, domin Barkono ba kurma ba ne. Ya ji, ya tsaya, har ya juyo, duk da haka ya mutu.